3.2 Bakandamiyar Shata a Faifai da Yadda Aka Karɓe Ta

A wannan sashe za a dubi yadda ɗaukar waƙa a faifai ya sauya matsayin Alhaji Mamman Shata a idon jama'a, tare da ɗaukar Bakandamiya a matsayin misali.

An haifi Shata a Musawa a shekarar 1923. Ya zauna a Bakori, daga baya ya koma Funtuwa, inda ya shafe kusan shekara 40. Wannan yanki ƙasar noman auduga ce, kuma a wancan lokaci jirgin ƙasa da ke tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda yana ratsa Funtuwa. Saboda haka idan kaka ta yi, kuɗi kan shiga hannun manoma da 'yan kasuwa, a yi bukukuwa, a gayyaci makaɗa. A irin waɗannan tarurruka ne Shata ya gina sunansa da kiɗan kalangu da 'yan amshi.

Abin lura shi ne, Shata ba ya zama ya tsara waƙa tukuna. Nan take yake ƙaga ɗiyanta gwargwadon wurin da yake da mutanen da ke gabansa. Don haka Bakandamiya, wadda a cikinta yake wasa kansa yana bayyana fifikonsa a kan sauran mawaƙa, ba ta da siga guda. Amshin yana nan yadda yake, amma ɗiyan kan ƙaru ko su ragu.

Faifai ya kawo sauyi a nan. Faifan garmaho na farko ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku a kowane gefe, alhali kuwa waƙar dandali takan yi tsawo ƙwarai. Da dogon faifai ya zo, sannan kaset, sai aka samu damar adana waƙar da tsawonta. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya kai muryarsa ƙauyukan da bai taɓa takawa ba. Sai dai abin da aka ɗauka rana ɗaya shi ne ya zama "ainihin" waƙar a kunnen mai sauraro, ko da yake a wajen mawaƙin rerawa ɗaya ce daga cikin masu yawa.

Dangane da karɓuwa kuwa, ra'ayi ya rabu. Talakawa, musamman direbobi da manoma, sun rungume ta. Wasu malaman addini da masu riƙo da tsohuwar al'ada kuma suna ganin kiɗa roƙo ne, maroƙi kuwa ba shi da daraja a tsarin zaman Bahaushe. Kashi na uku su ne manazarta. Tun da waƙar ta zauna a faifai, ana iya maimaita ta, a rubuta, a feɗe salonta. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan Shata, sannan a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba mawaƙin digirin girmamawa na dakta.

Bisa ga wannan, ana iya cewa faifai ya taimaka wajen ɗaga Shata daga matsayin maroƙi zuwa na fasihin da ake nazari a jami'a. Amma tun da ya rasu a 1999, rerawar da aka ɗauka kaɗai ta rage. Wajibi ne mai nazari ya kwatanta faifai da faifai kafin ya yanke hukunci a kan matanin Bakandamiya.