Caji a Bakin Mutanen Mayo Gwoi

Jalingo gari ne da Bafulatani da Mumuye da Jukun Kona ke ciniki da Hausa, kuma tun da ya zama babban birnin Jihar Taraba a 1991 Turancin ofis ya ƙara cakuɗuwa da ita. A unguwar Mayo Gwoi, kamar sauran unguwannin garin, da wuya a wuni ba a ji kalmar "caji" ba. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne Hausa ba ta ari kalmar a dunƙule ba. Kowace ma'ana da hukumar ko na'urar da ta rako ta, kuma kowacce da zamaninta.

A can gidanta ma kalmar charge ba ma'ana ɗaya gare ta ba. Turanci ya karɓo ta daga tsohon Faransanci, shi kuma daga Latin, inda tushenta ke nufin yi wa amalanke lodi. Daga ɗora kaya aka samu ɗora wa mutum laifi, da ɗora masa kuɗi, da ɗora masa alhaki. A ƙarni na 18 masu binciken lantarki irin su Benjamin Franklin suka yi amfani da ita wajen ɗura wa abu wuta.

Ta fara sauka ƙasar Hausa ne a hannun 'yan sandan mulkin mallaka. Har yau dattijo kan ce an kai yaro "caji ofis", wato inda ake rubuta tuhuma. Makanikai sun zo da cajin batirin mota, amma sai bayan shigowar wayar salula a 2001 wannan ma'ana ta danne sauran. Rashin tsayayyar wuta, wadda har gobe ake kira nefa ko da yake kamfanin rarraba lantarki na Yola ne ke kawo ta, ya mai da cajin sana'a. Dubi rumfar mai caji: katako jere da soket, janareto na ƙugi a gefe, kowace waya an manna mata 'yar takarda mai lamba, mai ita ya tafi da irinta a aljihu. Kusa da shi ga mai POS, ana tambayarsa, "Malam, nawa ne cajinka?" Wannan cajin na kuɗi ne, kuma mutane sun ji shi a jikinsu lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Rumfuna biyu, kalma ɗaya, ba wanda ya taɓa ruɗewa.

Masu ganin aro gurɓata harshe ne sukan manta da abin da Hausa ta ƙi karɓa. A Turanci kalmar na nufin afka wa abokan gaba a fagen fama, amma harshen da ke da hari da farmaki da sukuwa bai waiwayi wannan ba.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin nahawu. A Hausa sautin z kan koma j a gaban i ko e: kaza, kaji, ciza, ciji, cije. Paul Newman ya yi bayanin wannan ƙa'ida a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000. Da kunnen Bahaushe ya ji "caji", sai ya ɗauka lallai akwai z a ƙarƙashi, ya ƙirƙiro aikatau "caza", kamar yadda ya fitar da "canza" daga canji. Babu Baturen da ya san wannan z ɗin. Daga nan kalmar ta shiga sahun 'yan gida: an caza waya, waya ta cazu, ga kuma caja da ake aro a wurin maƙwabci. Ɗalibin Jami'ar Jihar Taraba ma zai ce jarrabawa ta caza masa ƙwaƙwalwa, yana nufin ta wahalar da shi, ma'anar da ba ta cikin Turanci.

Saura "caje" na shingen hanya, in aka ce jami'an tsaro sun caje mota. A ganina wannan daga search ta fito, lafazi ne ya haɗa su gida ɗaya, kuma zamansu tare a bakin ɗan sanda ya taimaka: wanda aka caje aka samu abu a jikinsa, caji ofis za a wuce da shi.