Tarihin Gano Ƙwayoyin Bairos a Itatuwan Marmari

Bairos ƙwayar cuta ce da ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ta hayayyafa sai a cikin jikin abu mai rai. A jikin tsiro aka fara gane ta. A 1892 Dmitri Ivanovsky na Rasha ya tace ruwan ganyen taba mai ciwo da matacin da bakteriya ba ta iya ratsawa, amma ruwan ya ci gaba da harbin lafiyayyun tsirrai. A 1898 Martinus Beijerinck na Holan ya ce lallai wani sabon nau'in mai haddasa cuta ne. Taba dai tana girma cikin makonni. Itace kuwa yakan yi shekaru da ciwo a jikinsa kafin ya nuna, shi ya sa binciken lemu, ayaba da inabi ya daɗe yana bin sawun ɓarna.

Cutar tristeza ta lemu ce ta fi koya wa masana darasi. A shekarun 1930 gonakin Ajantina da Brazil suka fara bushewa, kuma mafi yawan itatuwan da suka mutu lemun zaƙi ne da aka aura a kan gindin lemu mai ɗaci. An daɗe ana zargin auren ne bai karɓa ba. Sai a 1946 Meneghini ya nuna a Brazil cewa darɓa ce ke ɗaukar cutar daga itace zuwa itace, yayin da Fawcett da Wallace suka nuna a Kalifoniya cewa tana bin aure. A 1949 Hughes da Lister suka bayyana ciwon da ke kashe lemun tsami a Gwalkwas, Ghana ta yau, daga baya aka gane ƙwayar ɗaya ce. Wannan ya ba da dabara mai arha: a aura ɓawon itacen da ake zargi a jikin dashen lemun tsami, in jijiyoyin ganyen suka washe, to akwai cuta. Ita kanta ƙwayar ba a gan ta ba sai 1964, lokacin da Kitajima ya hango ta da madubin lantarki, siririya kamar zare. An ƙiyasta ta hallaka itatuwa kusan miliyan 100 a duniya.

Ayaba ma haka ta yi jira. An ga ciwon da ke cunkushe ganyenta a ka a Fiji tun 1889, Magee ya danganta shi da darɓar ayaba a Ostireliya a shekarun 1920, amma ba a ware ƙwayar ba sai wajen 1990.

Sauƙi ya zo a 1977, sa'ad da Clark da Adams na tashar bincike ta East Malling a Ingila suka daidaita gwajin ELISA don tsirrai. Gwajin yana amfani da garkuwar jinin dabba da aka yi wa allurar ƙwayar, aikin watanni ya koma na kwana ɗaya ko biyu. Gwajin PCR ya biyo baya, ya fi ELISA kaifi. Sai dai duka biyun abin da aka riga aka sani kawai suke kamawa.

Daga 2009 lamarin ya juya. Sababbin na'urori suna karanta duk ƙwayoyin gadon da ke cikin ganye, kwamfuta ta tsince waɗanda ba na tsiron ba. A shekarar aka gano sabuwar bairos a inabin Syrah a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis. Ciwon jan tabo na inabi, da aka lura da shi a kwarin Napa a 2008, an gano ƙwayarsa a 2012. Abin mamaki, an same ta a busasshen ganyen da aka adana tun 1940. Wato da yawan abin da ake kira sabo tsoho ne, ido ne bai kai gare shi ba.

Yanzu matsalar ta sauya fuska. A da akwai ciwo babu ƙwaya, yau ƙwayoyi sun yi yawa ba a san wadda ke cutarwa ba, don ana samun wasu a itatuwa masu ƙoshin lafiya. Tabbatar da laifin kowace ɗaya yana buƙatar a koma ga tsohuwar hanya ta aure da jira, kuma kafin nan hukumomin killace tsirrai ne ke yanke hukuncin ko dashen zai ƙetare iyaka.