Wa Ke Magana a Bangon Filinge?

Idan ana zancen zanen bango a lungunan birane, akasarin masu rubutu daga waje suke faro labarin. Sukan ambaci samarin New York da suka riƙa rubuta laƙabinsu a jikin jiragen ƙasa, har jaridar New York Times ta yi labarin ɗayansu, Taki 183, a 1971. Sukan kawo lungun Hosier na Melbourne a Ostareliya, wanda masu yawon buɗe ido ke tururuwa su gani. Mai karatu sai ya ɗauka ƙasar Hausa jira take a kawo mata wannan fasaha. Ba haka ba ne. Fasahar tana nan tun da daɗewa, kuma tambayar da ta dace da gari irin Filinge, cibiyar ƙasar Kurfai a Nijar, ita ce: wane ne ke ba da aikin zanen, kuma da bakin wa bangon yake magana?

A Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram, fuskar gida ita ce allon magini. Bayan an ɗora tubali an yi yaɓe, tun ƙasar tana da danshi magini zai bi ta da hannu yana fitar da zane, sannan a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda katsin marina ke cikin haɗinsa, don kada ruwan damina ya cinye aikin. Sana'a ce mai sarauta da gado. Zuriyar Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin rabin farko na ƙarni na 19, sun daɗe suna riƙe da sarautar magina a birnin. Da siminti da fenti suka shigo a ƙarni na 20, zanen bai mutu ba, sai ma ya ƙara fitowa waje. Anthony Kirk-Greene ya yi ɗan littafi kan gidajen Zariya masu ado a 1963, Friedrich Schwerdtfeger kuma ya fitar da babban nazarinsa a 2007. A bangayen da suka yi nazari a kai akwai dagi da takobi, amma akwai keke da mota da jirgin sama. Ɗan kasuwar da ya samu, shi ke kiran magini ya shaida wa unguwa cewa ya samu. Zanen yana kallon lungu, kowa na ganinsa kyauta, amma ba a taɓa shakkar mai maganar ba: mai gida ne, kuma maƙwabta sun san shi, sun san inda dukiyar ta fito.

Kurfai ba ta bi wannan hanya ba, kuma tarihi ne ya sa. Filinge tana kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Kurfayawa, waɗanda Zabarmawa ke kira Suje, manoman gero da wake ne da suka ƙare ƙarni na 19 cikin zaman ɗar-ɗar da maƙwabtansu Buzaye. Martaba a nan ta doki ce da mashi da yawan rumbuna, kuma ba banza ba ne gidan da Faransawa suka tabbatar wa sarauta a farkon ƙarni na 20 ya kasance gidan Mayaƙi. Inda ba ayarin fatake da ke sauke kaya, ba attajirin da zai riƙe gwanin magini shekara da shekaru, inda kuma dangar kara da zana ta wadatar wajen kewaye gida, ba a sa ran ganin soro mai zankwaye da ado. Wannan bai nuna rashin ido ba. Ado ya tafi wani wuri ne: sassaƙar ƙwarya, saƙar tabarma, ƙirar rumbu, jeren ɗakin amarya. Sai dai masana gine-ginen Hausa manyan birane suka fi bi, suka bar ƙasashen gefe irin Kurfai da maƙwabciyarta Arewa ga masu nazarin sarauta da bori.

To, da doguwar katangar bulo da siminti ta iso, ta lakwal da likita da kantuna da ofisoshi, sai ta tarar ba wata tsohuwar al'adar mai gida da za ta karɓe ta. Wasu suka riga. Kamar a sauran matsakaitan garuruwan Nijar, masu magana a bango su ne kamfanonin waya da na kayan miya, da ƙungiyoyin agaji masu saƙon rigakafi da wanke hannu da sa 'ya mace makaranta, da jam'iyyu lokacin zaɓe. Kamfani kan yi wa mai kanti fenti kyauta da sharaɗin launinsa ne zai hau. Da kamfanin waya na Orange ya koma Zamani a 2020, launin ya sauya ba tare da an nemi ra'ayin unguwa ba. An rushe jam'iyyu a 2025, amma fenti ba ya jin doka, sai rana da ruwa sun kankare shi. Mafi yawan rubutun kuma da Faransanci ne, a ƙasar da ake ciniki da Hausa da Zabarmanci da Buzanci.

Za a iya cewa kuɗin waje ba aibi ba ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Gwamnatin Meziko ce ta ba Diego Rivera bangayen ma'aikatu a shekarun 1920, aikin kuma ya zama abin alfaharin ƙasar. Saƙon rigakafi ma yana ceton rai, ko da ba a zana shi da kyau ba. Amma misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Dakar. A wajajen 1990 samarin unguwanni suka tashi da yunƙurin Set Setal: suka share tituna, suka yashe lambatu, suka zana waliyyansu da jarumansu a katangu, da karo-karon mutanen unguwa. Abin da ya ba zanen nan ƙarfi shi ne mai kallo ya san wanda ya zaɓi fuskar da ke bangon. A Yamai ma, a watan Oktoban 2024, an cire hoton Bafaranshen soja Monteil an sa na Thomas Sankara. Sauyi ne babba, amma daga sama aka yanke shi, kamar yadda aka yanke na farkon.

Saura batun addini, wanda ba a tsallake shi. Malamai da yawa ba su yarda da zana mai rai ba, kuma ba dole sai an yi jayayya da su ba. Adon gidajen Zariya da Damagaram ya cika ido ba tare da dogaro da fuskar mutum ba.

A ganina, mutumin da ya kamata nazari ya koma kansa shi ne mai fentin gari, wanda ke zana almakashi ga tela, kawunan aski ga wanzami, tsire ga mahauci, ya rubuta addu'a a bayan motar kasuwa. Shi kaɗai ne har yanzu yake karɓar aiki daga hannun ɗan gari, a biya shi da kuɗin gari, a yi masa gyara ido da ido. Shi ne magajin maginin Zariya ta fuskar alaƙa da mai ba da aiki, ko da kayan aikinsu sun bambanta. Kuma kada a ce ƙauye ba ya fitar da gwani. Falke Barmu manomi ne kuma magini a ƙauyen Yama na jihar Tawa. Ya fara masallacin garin a 1962, ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986, domin mutanen garin ne suka sa shi aiki suka tsaya masa.

Tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki. Ya kamata a ga hakan a katangun Filinge da maƙwabtanta Cikal da Tukunus. Kafin wata ƙungiya ta ɗauko masu zane daga Yamai, hukumar gari ta fara ba masu fentin gari katangar kasuwa da ta lakwal, mutanen unguwa su zaɓi abin da za a zana da harshen da za a rubuta. Ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni da ta Tilaberi kuma su ɗauki hoton zane-zanen masu fentin nan, su rubuta sunan kowane mai zane da na wanda ya koya masa.