Tubalin Kwalin Ashana: Tarihin Wasan Laka a Bakin Komadugu

Ruwan Komadugu Yobe baƙo ne mai zuwa mana daga nesa. Daga ƙasar Kano da tsaunukan Jos yake tasowa, ya biyo kogin Haɗeja da na Jama'are, ya ratsa fadamun Nguru da Gashuwa, ya wuce Gaidam, sannan ya zama iyakar Nijar da Najeriya na tsawon kilomita kusan 150 kafin ya faɗa tafkin Cadi kusa da Boso. Yakan iso cikin damina, ya kai maƙura wajen Nuwamba ko Disamba, daga nan ya fara janyewa. Abin da yake bari a gaɓa da cikin tabkuna shi ne laka mai danƙo, kuma kowa da rabonsa a cikinta. Manoma su dasa tattasai da albasa, mata su gina tukwane da randuna, magina su buga tubali. Abin da ya rage na yara ne.

A Yebi na tashi, ƙauyen da ke dab da Boso. Mahaifina Badamagare ne da cinikin banda ya kawo shi bakin tafki, mahaifiyata kuwa ƴar Mobar ce. A zamaninmu babu yaron da ake saya wa abin wasa. In sanyi ya shigo, sai mu bi masu jakai zuwa inda ake haƙar ƙasar gini, kowa ya ciko tsohon kwano. Babban abin nema shi ne kwalin ashana. Za ka zare aljihun ciki, ka fasa gindinsa, ka jiƙa shi kaɗan, ka danna laka da babban yatsa, ka share samanta da sillen kara, ka ɗaga a hankali. Tubali ya fita ke nan. Wanda ya yi gaggawa ya shanya a rana tsaka, kafin la'asar duk sun tsattsage. Sai an cuɗa lakar da busasshen kashin jaki ko ƙaiƙayi, an bar ta ta sha iska a inuwa, sannan a kai ta rana.

Wajen jerawa ake gane gwani. Ƙa'idar da manyan yara ke koya wa ƙanana ita ce kada baki ya hau baki: kowane tubali ya zauna a kan mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa. Da haka muke tayar da zaure da ɗakuna da rumbu, mu yi azara da tsinke, mu rufe da kaba. Ƴan mata suna gefe da tuwon ƙasarsu da ƴan tukwanensu. Gida kuwa ba ya cika sai da garke, kuma a wajenmu sa ɗaya ne ake alfahari da shi, wato san Kuri na Buduma, fari marar tozo mai kumburarrun ƙahoni, wanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Ƙahonin nan su ne jarrabawa. In ba ka soka ƙayar aduwa a ciki ta riƙe su ba, nauyinsu zai karya su. Wanda uwarsa ta yarda ya tura sansa cikin garwashin murhu, da safe ya ciro shi ja wur, ranar ba mai jin kansa.

Wannan wasa ya girmi duk wata masarauta da muka sani a ƙasar nan. A 1965 da 1966 wani masanin tonon tarihi mai suna Graham Connah ya haƙa tudun Daima da ke Borno, kusa da iyakar Kamaru, inda mutane suka zauna tun ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa. Cikin abin da ya tono har da ƴan ƙananan dabbobin laka, shanu a gaba. Daga baya masu bincike na jami'ar Frankfurt ta Jamus tare da na jami'ar Maiduguri suka samo irinsu a yankin Gajiganna, waɗanda suka haura shekara 3,000. Shanun da suka fi tsufa ba su da tozo, sai a ƙarnonin baya masu tozo suka bayyana, abin da ke taimaka wa masana su gane lokacin da wannan irin ya shigo yankin tafki. Wasu masanan na ganin kayan tsafi ne, wasu na ganin kayan wasan yara ne. Ni da na ga hotunansu, hannun da na sani na gani: yadda aka matso ƙafafu da yatsa biyu, yadda aka ja wuya gaba. Haka muke yi, ba tare da wani ya nuna mana hoto ba.

Tubali ma yana da nasa tarihin a wannan kwari. Wajen ƙarshen ƙarni na 15 Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu kusa da kogin nan, ya zama hedikwatar daular Borno sama da shekara 300. Fadar birnin da jan tubali gasasshe aka gina ta, haka ma fadar Gambaru da ke bakin ruwa, haka ma Garumele a ɓangarenmu na Nijar, kan hanyar Gigimi. Gasa tubali aiki ne mai cin itace da hannaye, shi ya sa ya zama na sarakuna. Gazargamu ta faɗi a 1808 lokacin jihadi, kuma Baturen Ingila Dixon Denham da ya zo a 1823 kango ya tarar, da ragowar bangaye ja. Da Shehu Laminu ya kafa Kukawa a 1814, da ɗanyar ƙasa aka gina ta. Sana'ar gasawa ta tafi da masu ita. Amma ɗanyen tubali na talaka bai tafi ba, domin ba a fada ake koyonsa ba. Yaro yana koyonsa da kwalin ashana, ya girma ya koma babban ma'auni na katako.

Duk da haka akwai ranar da ake raba yaro da laka. Da zarar ya isa kiwo ko ban ruwan tattasai, in an gan shi da ɗan sa a hannu sai a ce, "Kai ba ka girma ba ne?" Daga baya siminti da kwano suka zama alamar samu, ginin ƙasa ya zama na wanda bai da hali. Kasuwar Diffa ta cika da motocin roba da bindigogin roba masu zuwa ta Maiduguri. Kunya ta shiga tsakanin mutum da abin da hannunsa ya iya.

A ƙasashen Turawa an yi irin wannan kunya, aka kuma fita daga cikinta. Wani kafinta ɗan ƙasar Denmark, Ole Kirk Christiansen, ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a garin Billund a 1932. Kamfaninsa, LEGO, ya fara yin ƴan tubalan roba a 1949, kuma a 1958 ya yi rajistar samfurin da ke maƙale wa juna wanda ake amfani da shi har yau. Yaran da suka tashi da shi sun ajiye shi da suka balaga, sannan da yawansu suka koma masa da furfura a ka, suna kafa ƙungiyoyi, suna baje kolin gine-ginensu. A 2020 kamfanin ya fara buga wa wasu kwalaye alamar shekara 18 zuwa sama. Su hutu da kuɗi ne suka mayar da su. Mu abin da ya mayar da mu daban ne.

Ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Diffa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka tsayar da cinikin kifi da na tattasai. A watan Mayu na shekarar aka kwashe mutanen tsibiran tafki, da yawansu suka sauka a Yebi. A watan Mayun 2016 aka ƙone Yebi, sannan ranar 3 ga Yuni aka sake afka wa Boso, mutum wajen 50,000 suka watse zuwa Tumur da Kijandi da Garin Wanzam da cikin Diffa. Bakin kogi ya zama wurin tsoro. Yaran da aka haifa a bukkokin zana da tamfol a gefen kwalta sun tashi a kan rairayi, wanda ba ya riƙe siffa ko an jiƙa shi.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin waɗanda suka sauka a bayan garin Diffa. Manomin tattasai ne mai rufin asiri, wanda zaman banza ya kusa kwantar da shi. Wata rana na je gaishe shi na tarar da shi a gindin zana, ya miƙe ƙafa, ga kwano cike da laka da ya roƙo wajen masu buga tubali, ga kwalin ashana da aka fasa wa gindi. Jikokinsa sun kewaye shi. Ya riga ya tayar da bango har layi na huɗu.

Na ce, "Kawu, barka da aiki. Me ake ginawa?"

Bai ɗago ba ya ce, "Gidanmu, ɗana. Wannan yarinyar ce ta tambaye ni ko a Yebi ma a cikin leda muke kwana. Na faɗa mata da baki ba ta gane ba. To, bari ta gani."

Ya nuna musu inda zaure yake, da ɗakin kakarsu, da rumbu biyu, da filin da ake shanya tattasai har ƙasa ta koma ja. Ya tsinka kaba ya kafa a matsayin gorubar ƙofar gida. Da babban jikan ya ɗora tubali baki a kan baki, sai ya buge masa hannu a hankali, ya gyara, da irin kalmar da aka faɗa mana muna yara. Kafin sati ya zagayo, dattawan da ke zama da shi sun shigo ciki. Wannan ya ce masallacin ba nan yake ba, wancan ya ce an manta rijiya. Wani tsohon Buduma da shanunsa suka salwanta a tafki ya zauna ya gina garke guda, kowane sa da sunansa, yana kiransu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ce wa wani bai girma ba.

Hannun nan bai tsaya a wasa ba. Samarin da suka rasa kabu-kabu da kamun kifi, da yawansu buga tubali suka koma a gefen gari, kuma da shi aka mayar da bukkoki ɗakuna. Da hukuma ta fara mayar da mutane garuruwansu a watan Yunin 2021, ta fara da Barwa, kango suka tarar, kuma ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsu ita ce kayan ginin da ba sai an jira mota ta kawo ba. Ambaliyar da kogin ya yi ta yi a shekarun nan, kamar ta 2019 da ta 2022, ta nuna raunin ginin ƙasa, wannan gaskiya ne. Maganinsa kuwa sanin inda ake kafa tushe ne, da irin cuɗin da ke jure ruwa, da yaɓe a kan kari, kuma duk wannan sani a hannun dattawan nan yake.

Shi ya sa nake roƙon iyaye da malaman makaranta na jihar Diffa su daina korar yaro daga laka. Kwano guda na ƙasar kogi da kwalin ashana ba su kai kuɗin biskit ba. A ware musu lokaci a filin makaranta, a gayyato tsofaffin Yebi da Boso da Barwa su zauna tare da su, kowa ya gina unguwarsu yadda ya san ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da aka haifa a gudun hijira su ne za su gaji gonakin bakin Komadugu, su ne kuma za su tayar da garuruwan da aka ƙone, kuma dattawan da suka san inda kowace rijiya take ba za su daɗe tare da mu ba.