RNase III: Almakashin da bakteriya ke yanka RNA da shi

A cikin kowace ƙwayar bakteriya akwai wasu sinadaran furotin da ake kira inzayim, waɗanda ke hanzarta ayyukan da rayuwar ƙwayar ta dogara a kansu. Ɗaya daga cikinsu, mai suna RNase III, ya ƙware wajen yanka RNA mai zare biyu.

Shi dai RNA ɗan'uwan DNA ne, kuma yana kwafo saƙo daga ƙwayoyin gado ya kai inda ake haɗa furotin. An gina shi da haruffa huɗu: A da U da G da C. Galibi zare ɗaya ne, to amma yakan naɗe kansa, ko ya haɗu da wani zaren su murɗe kamar igiyar da aka tufke. Irin wannan wuri ne RNase III ke nema.

Masana uku na Jami'ar Rockefeller da ke birnin New York, wato Hugh Robertson da Robert Webster da Norton Zinder, su ne suka bayyana shi a shekarar 1968, bayan sun gano shi a bakteriyar E. coli da ke zaune a hanji.

Yadda yake yanka

RNase III ba ya aiki sai guda biyu sun haɗu, kamar bakin almakashi. Kowanne yana yanka zare ɗaya, kuma sai da taimakon sinadarin magniziyam.

Ba a wuri guda yake yanka zaren biyu ba. Yana barin haruffa biyu sun zarce a bakin kowane gutsure, abin da ya zama tambarin da masana ke gane aikinsa da shi. Ya fi kuma lura da siffar tufkar da tsawonta fiye da jerin haruffanta.

Amfaninsa ga bakteriya

Babban aikinsa shi ne taimakawa wajen gina ribosom, wato masana'antar haɗa furotin. Ana kwafo RNA na ribosom a matsayin dogon zare guda, sai RNase III ya raba shi gida-gida kafin wasu inzayim su gyara bakunansa.

Har ila yau yana daidaita yawan furotin da ƙwayar ke samarwa, ta hanyar yanka saƙonnin da ba a bukata. Idan shi kansa ya yi yawa, yakan yanka saƙon da ake haɗa shi da shi.

E. coli tana iya rayuwa ba tare da shi ba, sai dai girmanta na raguwa. Ita kuwa Bacillus subtilis mutuwa take yi, domin shi ne ke lalata saƙonnin wata guba da ke cikin ƙwayoyin gadonta.

Daga bakteriya zuwa asibiti

Jikin ɗan Adam ma yana da dangin wannan inzayim guda biyu, Dicer da Drosha, waɗanda ke yanka ƙananan RNA masu toshe aikin wasu ƙwayoyin gado.

A shekarar 2011, Emmanuelle Charpentier da abokan aikinta sun nuna cewa RNase III ne ke gyara RNA ɗin da ke yi wa furotin Cas9 jagora, a tsarin garkuwar bakteriya da ake kira CRISPR. A 2012 ita da Jennifer Doudna suka mayar da tsarin hanyar gyara ƙwayoyin gado, aikin da ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2020.

A watan Nuwamban 2023 Birtaniya ta amince da Casgevy, magani na farko da aka samar ta wannan hanya, domin masu cutar amosanin jini, wato sikila. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da cutar, sai dai farashin da aka sanya wa maganin a Amurka ya kai dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya.