Asalin Ma'aunin Haɗarin Zaftarewar Dusar Ƙanƙara a Tsaunukan Alps

Tun daga hunturun 2022 zuwa 2023, lokacin da cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta Suwizalan, wato SLF, ta fara karkasa matakan gargaɗinta zuwa ƙananan rassa, ake ta tafka muhawara kan ko ma'aunin nan mai matakai 5 da Turai ke amfani da shi ya wadatar da masu ratsa tsaunuka a inda ba ruwan hukuma da gyaran hanya.

Mazauna kwarurukan Alps sun daɗe suna fama da annobar zaftarewar dusar ƙanƙara, babbar dabararsu kuwa ita ce hana saran dajin da ke bisa ƙauye, kamar yadda mutanen Andermatt suka yi tun 1397. Binciken ilimi bai kankama ba sai a 1936, da aka kafa tasha a Weissfluhjoch bisa garin Davos, inda masana ke haƙa rami a cikin dusar har su cim ma ƙasa, suna gwada taurin kowane hawa da dunƙulen hannu, sannan yatsa, sannan fensir, daga ƙarshe wuƙa. Irin wannan aiki ne ya nuna cewa dusa hawa-hawa take kwanciya, kuma idan mai tauri ya zauna kan mai rauni a gangaren da ya kai digiri 30, nauyin mutum guda ya isa ya tsaga shi, faffaɗan ɓangaren dusar ya sulale gaba ɗaya. Sanarwar gargaɗi ta farko daga cibiyar SLF ta fito a 1945.

Da yawa sukan jingina haihuwar ma'aunin ga bala'in hunturun 1950 zuwa 1951, wanda ya hallaka mutum 98 a Suwizalan kaɗai. Wannan bayani yana da rauni, domin abin da bala'in ya haifar shi ne shingayen ƙarfe a kan gangara da taswirorin wuraren da bai kamata a yi gini ba, ma'aunin kuwa sai bayan shekara 42 ya zo. Abin da ya fi kama hankali shi ne sauyin waɗanda ke mutuwa, don kuwa bayan an kare ƙauyuka da tituna, mafi yawan mamatan sun koma masu zamiyar ƙanƙara da mahaya duwatsu, waɗanda galibi su da kansu ko abokan tafiyarsu ke tayar da zaftarewar. Irin waɗannan matafiya sukan kwana a Faransa su wayi gari a Italiya, alhali kowace ƙasa da nata ma'aunin, har yawan matakan ma ba ɗaya ba ne. Wannan ruɗani ne ya tilasta wa hukumomin gargaɗi haɗuwa a Wildbad Kreuth ta Jamus a 1993, suka amince da ma'auni guda.

Matsalar da suka bari, wadda har yau ba a gama da ita ba, tana mataki na 3, domin kasancewarsa a tsakiya yana sa matafiyi ya ɗauka haɗarin da sauƙi. Kusan rabin waɗanda zaftarewa ke kashewa a Suwizalan a ranakun wannan mataki suke mutuwa.