Tarwaɗa da Damina: Tarihin Raba Kifi da Lokacinsa

Tun kafin a rubuta komai game da tarwaɗa, masunta sun san lokacinta. Idan damina ta kankama, kogi ya cika ya malala cikin fadama, sai tarwaɗu su bar zurfin ruwa su bi ambaliya zuwa cikin ciyawa, galibi da dare. A nan mace ke zubar da ƙwai masu danƙo da ke manne wa ganyen da ruwa ya shanye, namiji ya zuba maniyyi a kansu, su tafi ba tare da gadi ba. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙwai sun ƙyanƙyashe, ƙananan kifaye kuma su sami abinci da mafaka a ruwan fadama.

A 1822 Baturen Ingila William Burchell ya bayyana wannan kifi a rubuce. Sunan kimiyyar da aka san shi da shi yau, Clarias gariepinus, ya samo asali ne daga Gariep, wato kogin Oranji na Afirka ta Kudu. Sai dai da aka zo kiwonsa a tafki aka ci karo da matsala: mace takan cika da ƙwai, amma ba ta zubarwa, domin jikinta na jiran hauhawar ruwan da tafki ba ya yi.

Maganin ya fito daga Kudancin Amurka. A 1930 Bernardo Houssay na Ajantina ya nuna cewa sinadarin wani ɗan ƙululu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa na ingiza haihuwa a kifi. A shekarun 1930 Rodolpho von Ihering da abokan aikinsa a Burazil suka mayar da wannan ilimi sana'a: a niƙa ƙululun, a yi wa mace allura da shi, ƙwanta ya nuna. A shekarun 1970 masu bincike a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya suka gwada allurar sinadarai a kan tarwaɗa, daga baya jami'ar Wageningen ta Holan ta kyautata hanyar.

Wannan ne tushen abin da masu ƙyanƙyasar kifi ke yi a Nijeriya yau. A yi wa mace allura da yamma, a matse ƙwanta da safe. Namiji kuwa yawanci sai an yanka shi, domin maniyyinsa ba ya fita da matsa. Ta haka tarwaɗar gona ta daina jiran damina.

Ta kogi kuwa har yanzu tana jira. A shekarun da ake koyon allurar ne aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a 1974, sannan ta Challawa a 1992. Biyun sun rage ambaliyar da ke cika dausayin Haɗeja da Nguru, inda kifi ke hayayyafa, masunta kuma ke cin abinci. Allura na amfanar mai jarin gina tafki da sayen abincin kifi. Masuncin da ba shi da komai sai kwalekwale da koma, arzikinsa na rataye ne ga yawan ruwan da aka saki daga madatsa, da kuma lokacin da aka sake shi.